Anti hutu muka zo Santambul ko sari?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min, yanzu haka daga ɗakin hotal nake rubuto miki. Mu mazauna Jidda ne, maigidana yana da ɗan shagon kayan mata wajen Bab Makka, tunda akai aurenmu ban taɓa wuce Makka da Madina ba sai ko Ɗa'if lokacin zafi. Bana Allah ya hore masa yace mu je Santambul mu huta mu biyu, yara muka bar su wajen Umma, wlh har sabbin abayoyi na ɗinka dan murna.

Da dare muka sauka ban ga komai ba, sai da gari ya waye na ɗaga labule naga unguwar gaba ɗaya shagunan sari ne, ga dilolin kaya an naɗe da salatif ana ta turawa a amalanke, ashe wai Laleli ake ce mata kuma da gangan ya kama hotal ɗin a nan. Muna gama karin kumallo yace bari mu ɗan leƙa nan ƙasa yanzu za mu fito, Anti tun daga nan kullum haka muke wuni, ni ina kan kujerar roba ana ta miƙo min shayi a ƴan ƙananan kofunan gilashi shi kuma yana danna kalkuleta daga dala zuwa riyal, in ya juyo gare ni to tambaya ce wai wannan kalar mata za su so? Dare yayi ya hau bidiyo kol da yaron shagonsa har bacci ya ɗauke shi. Ƴan uwana sun dame ni a WhatsApp in turo hotuna, hoton me zan tura, dila?

Jiya na kasa daurewa nace masa ni ba haka mukai da kai ba, buɗar bakinsa sai cewa yayi to da me kike tsammanin na biya tikitin. Tun lokacin ban ƙara ce masa uffan ba shima ya share ni. Yanzu in kira Umma in faɗa mata ne, ko in sa mayafina in fita yawona ni kaɗai?

Ƴar uwarki daga Jidda

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Gaskiya maigidanki bai kyauta ba, kuma ba sarin ne laifinsa ba, ɗan kasuwa ya je Santambul ya dawo hannu rabbana ai sai ƴan layinsu su yi masa dariya. Laifinsa rufe ki da yayi, da tun a gida yace miki rabi hutu rabi kasuwa da kin zo da shirinki. Maganar tikitin nan ma bata dace da bakin miji ba, amma ina zargin kuɗin tafiyar ne suka fi yadda ya lissafa yake neman inda zai fanshe, kin san maza basa son cewa aljihu ya yi sanyi sai dai su yi faɗa.

Umma kam kar ki kira ta. Ku za ku shirya kafin jirginku ya sauka Jidda, ita kuwa za ta riƙe abin a ranta har shekara ta zagayo, ga ta da ɗawainiyar yara. Fita ke kaɗai cikin fushi a garin da ba kya jin yarensu shima a'a.

Ki fara karya gabar nan, ke ki fara yi masa magana, ba dan ke ce mai laifi ba sai dan hutun ƙarewa yake kuna zaune kowa ya juya baya. Kuma kar ki ce masa ka fita dani yawo, wannan maganar bata da kai, zai ce in sha Allah gobe. Ki yanka masa ciniki yadda ya saba: safiya tasa har azahar, daga nan wunin naki ne, kuma ki ambaci sunan wurin da kike so.

Abin dariyar ma kina tsakiyar gari baki sani ba. Masallacin Sulaimaniyya da aka kammala a 1557 da ƙafa ake zuwa daga Laleli, ɗan hawa ne kawai, ku yi la'asar a can ki leƙa ta bayansa kiga teku. Jirgin titin nan T1 da yake ratsa unguwarku shi zai kai ku Sultanahmet inda Aya Sofiya take, wadda aka mayar masallaci a 2020, kusa da ita ga fadar Topkapi da aka ajiye alkyabbar Annabi (SAW) da takubba da tsofaffin makullan Ka'aba. Ku sayi Istanbulkart, wato katin biyan kuɗin mota da jirgi na garin, guda ɗaya ya isheku ku biyu, da shi za ku hau jirgin ruwa daga tashar Eminonu ku tsallaka ɓangaren garin da yake nahiyar Asiya, tafiyar kamar minti 20 ce kuma kuɗin ba wani abu bane, dan haka ba shi da hujjar tsada. In ya fara noƙewa ki ce masa ziyarar kabarin Abu Ayyubal Ansari kike so, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa a Madina, yana nan a unguwar Eyup, naga bakin da zai ce sari ya fi.

Da safen kuma ki daina zaman kujerar roba kina cika kina batsewa, ke kika san abin da matan Jidda ke sawa, ki zaɓa masa da gaske sannan ki ware naki a ciki kafin a ɗaure dilar. Ki lura Topkapi a rufe take ranar Talata kar ki ɓata damarki, babbar kasuwar nan ta Grand Bazaar kuma bata ci ranar Lahadi, to Lahadin ki nemi ya bar miki ita sukutum, wayarsa ma ta wuni a jakarki.