Riba biyu, ruwa ɗaya: amsoshin tambayoyinku kan kalmomin bashi da jari

Wani mai karatu ya tambaya: "Malam, a labari ɗaya na ji an ce Babban Bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, wani mai sharhi kuma ya ce ya ƙara riba. Wanne ne daidai?"

Kuɗin ruwa ne daidai, kuma da mai sharhin ya saurari bakinsa da bai faɗi abin da ya faɗa ba. Kalmomi biyu ne rubutun boko ya cusa su cikin riga ɗaya saboda ba ma nuna tsawon wasali. Akwai riba mai jan gaɓar farko, wato abin da ɗan kasuwa ke samu bayan ya fitar da uwar kuɗinsa da ɗawainiyarsa, akwai kuma riba mai gajeriyar gaɓa, ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi, wadda Alƙur'ani ya haramta. Dukansu daga Larabci suka zo, amma ba daga tushe ɗaya ba. Mai sharhin ko dai ya mai da babban banki ɗan tireda, ko kuma ya yanke hukuncin fiƙihu a tsakiyar labarin tattalin arziki, alhali ba ko ɗaya ya nufa ba.

Abin da babban banki ke motsawa shi ne farashin rance tsakanin bankuna, sauran farashin bashi kuma su bi sahu. Idan ya ɗaga shi, bankunan kasuwanci sukan tsauwala wa mai neman rancen gina gida ko faɗaɗa masana'anta, mai ajiya kuma ya ga amfanin barin kuɗinsa a banki, sai saye ya ragu, hauhawar farashi ta lafa. Haka aka yi a Amurka lokacin da hauhawar ke tashi har ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yunin 2022: daga kusan sifili a watan Maris na shekarar, kuɗin ruwan ya haura kashi 5 cikin 100 kafin ƙarshen Yulin 2023. Babu wata ribar ciniki da bankin ya nema da wannan. Da gangan ya rage wa kasuwa gudu.

Wata malama ta tambaya ko daidai ne a ce "banki ya ba ni aron kuɗi".

Ba daidai ba ne, Malama. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, rance kuwa na abin da za a kashe a mayar da kwatankwacinsa. Rance banki ya ba ki, abin da ya hau kanki kuma bashi ne.

Wani ɗalibi ya ce: "Me ya sa ake kiran ainihin kuɗin da aka ranta uwar kuɗi?"

Saboda ana sa ran ta haihu. Ba Bahaushe kaɗai ya kalli al'amarin ta wannan fuska ba. Mutanen Sumer na tsohuwar ƙasar Iraƙi da kalmar ɗan akuya suke kiran kuɗin ruwa, Girkawan dā kuma da kalmar haihuwa, har masanin falsafarsu Aristotle ya yi suka yana cewa kuɗi ba dabba ba ne balle su haifi kuɗi. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne 'ya'yan ma suna haihuwa, kuma wannan ne ake kira ruwa kan ruwa. Wanda ya ranci 100 a kan kashi 10 cikin 100 a shekara, idan bai biya komai ba, bashinsa zai zama 110 a shekarar farko, 121 a ta biyu, ya kusa ninkawa a ta bakwai. Lissafin da ke kumbura asusun mai ajiya shi ne dai ke danne mai cin bashi, ya danganta da ɓangaren teburin da mutum ke zaune.

Wani ya tambayi jam'in hannun jari. Hannayen jari ne. Hannun ake jam'antawa, jarin yana nan yadda yake.

Wani mai karatu kuma ya ce ya kasa gane bambancin hannun jari da takardar lamuni, tunda duka a kasuwa ɗaya ake cinikinsu.

Mai hannun jari ya sa hannu a cikin mallakar kamfani ne, in an ci riba da shi, in an faɗi da shi, kamar yadda aka saba tun 1602 lokacin da aka fara cinikin hannayen jarin kamfanin Holan mai fatauci zuwa ƙasashen Asiya a birnin Amsterdam. Mai takardar lamuni kuwa mai bin bashi ne, an yi masa alkawarin ruwa ƙayyadadde da ranar da za a mayar masa da uwar kuɗinsa. Masu fassarar labarai sukan tattara su duka su ce "hannun jari", kuma wannan sakaci ne mai ɓatar da mai sauraro, domin kuɗin ruwa ba iri ɗaya yake taɓa su ba. Idan ruwa ya tashi, tsohuwar takardar da ke biyan kashi 2 cikin 100 ba ta da mai so a farashinta na dā, tunda sabuwa tana biyan kashi 5, sai dai mai ita ya karya farashi. Wannan ne ya durƙusar da bankin Silicon Valley na Amurka a watan Maris na 2023: ya tara takardun lamuni a lokacin da ruwa ke ƙasa, ya sayar da wasu daga cikin takardun a kan faɗuwa, sai masu ajiya suka yi masa ca a lokaci guda.

Wani dattijo ya tambaya ko karin maganar nan, "bashi hanji ne, yana cikin kowa", ta shafi gwamnatoci.

Ta shafe su ƙwarai, Baba, domin bashin gwamnatin Amurka ma ya zarce dala tiriliyan 30 tun a 2022. Sai dai ina ganin ana yi wa wannan karin magana fyaɗen ma'ana. Manufarta ita ce a rage wa mai bashi kunya, a hana mai bin sa yi masa gori. Ba ta ce kowane bashi lafiya ba ne, kuma bai dace jami'in da aka tambaya yadda za a biya ya fake da ita ba. Ai bakin da ya faɗe ta shi ne ya ce cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya. Ƙasashen Latin Amurka sun ci bashin dala a shekarun 1970 lokacin da yake da araha. Da Paul Volcker, shugaban Babban Bankin Amurka na lokacin, ya kai kuɗin ruwan Amurka kusan kashi 20 cikin 100 a 1981 don ya karya hauhawar farashi a gida, ruwan da ke kan bashin waɗannan ƙasashe ya bi ya tashi, har ƙasar Meziko ta sanar a watan Agustan 1982 cewa ba za ta iya ci gaba da biya ba. Volcker ya samu abin da yake nema, hauhawar ta sauko daga sama da kashi 13 cikin 100 a 1980 zuwa kusan kashi 3 a 1983, amma ƙasashen da ba su da ta cewa a shawarar sun shafe shekarun 1980 suna fama.

Wata mai karatu ta tambaya ko ruwan da ke cikin "da ruwan ciki ake jan na rijiya" kuɗin ruwa ne. A'a, ruwan sha ne. Idan za a kai maganar kasuwa, jari take nufi: sai da abin hannu ake nemo na waje.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan jarida ce, wanda ke neman yadda zai faɗi abin da Babban Bankin Japan ya yi daga 2016 zuwa Maris na 2024, lokacin da bankuna ke biya don ajiye wani kaso na kuɗinsu a wurinsa maimakon a biya su. Ka ce kuɗin ruwa ya sauka ƙasa da sifili, sannan ka ƙara jimla ɗaya ta bayani cewa an yi haka ne don a tilasta wa bankuna su fitar da kuɗin su ba da rance. Kada ka ce "ruwa mara kyau" kamar yadda na taɓa ji, domin mai sauraro zai ɗauka gurɓataccen ruwa kake nufi.