Zan koma sabuwar manhaja, yaya zan yi da tsohon lissafina?

Tambaya: Ina sayar da taki da iri da maganin feshi a Jega. Yawancin cinikina bashi ne ga manoman shinkafar rani, su biya bayan girbi, wasu da kuɗi wasu da shanshera. Lissafin da yana cikin littattafai, na 'yan shekarun nan kuma yana cikin wata manhaja a wayata, ga saƙonnin murya na WhatsApp. Yanzu zan koma sabuwar manhaja mai haɗe da POS. Yaron da zai saka mini ya ce kwashe tsohon lissafi wahala ce, mu fara sabo fil. In bi shawararsa?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaron ya faɗi gaskiya cewa akwai wahala, amma kada ka yarda a goge ko layi ɗaya. Wanda rabin jarinsa ke hannun manoma, lissafinsa ma jari ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma rubutun da aka share kafin a biya bai cika manufar umarnin ba.

Sai dai ban ce a ɗura komai cikin sabuwar manhajar ba. Abin da zai shiga cikinta shi ne cikon kowane mutum a ranar da ka tsayar, da kayan da ke shago, da bashin da dilolin taki ke bin ka. Tarihin yadda aka kai ga wannan cikon, wato ranar da aka ɗauki buhu nawa, a kan nawa, wa ya tsaya wa wa, ya zauna yadda yake a ajiye, a riƙa dubawa, ba mai ƙari ba mai ragi.

Tarihin nan shi ne hujjarka. Sabuwar manhaja za ta nuna ana bin wane naira dubu 340, shi ke nan. Ranar da ya ce ai ya kawo buhu biyar na shanshera bara, adadin nan ba zai yi magana ba. Shafin littafin da aka rubuta a gabansa, ko muryarsa yana cewa a ba ɗansa buhu uku, su ne ke kashe gardama a gaban shugaban kasuwa ko alƙali. Ka kuma tuna yadda farashi ya tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Bashin da aka ci kafin lokacin, in ba a san ko kuɗi aka yanka ko buhu ba, rigima ce kwance. Ga zakka, wadda ɗan kasuwa ke lissafawa har da bashin da yake sa ran za a biya. Ga ranar da babu kai, magada na neman sanin abin da kake bi da wanda ake bin ka kafin a raba gado. In kuma kamfani ka yi wa rajista, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta ajiye bayanan kuɗi shekara shida. Banki ma in ka nemi rance tarihin cinikinka zai tambaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin a taɓa komai, a fitar da duk abin da ke tsohuwar manhajar. Yawancinsu suna ba da damar sauke lissafi a takardar Excel ko PDF. A sauke duka biyun in akwai, a buga na PDF a takarda a ɗinke. In ba ta ba da wannan damar, a ɗauki hoton shafin kowane mai ciko. Aikin yini biyu ne ga yaro mai haƙuri, ka biya shi ladarsa. Littattafan ma a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a rubuta shekara a bangon kowanne, a ɗaga su sama nesa da gara da danshi, don kowa a Kebbi ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi.

Wajen kwashewar ne ɓarna ke shiga ba a sani ba. Excel yakan cinye sifirin farko na lambar waya, 0803 ta koma 803. Wasu manhajoji suna rubuta kwanan wata irin na Amurka, wata kafin rana, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su zama alamomi marasa ma'ana. Mafi muni kuma shi ne masu suna ɗaya. In kana da Abubakar goma, wani na Aliero wani na Kalgo wani na Maiyama, aka haɗe biyu a matsayin mutum guda, ka ɗora wa wani bashin da bai ci ba, kuma wannan ya fi asarar kuɗi zafi. A ba kowa lamba, a haɗa da garinsu da laƙabinsa. Bayan an gama, a tara jimlar bashi a tsohuwa, a tara a sabuwa. In sun saɓa ko da naira ɗari ne, a nemo inda ta ɓuya kafin a ci gaba.

Sannan ka kira kowane mai ciko, ka karanta masa abin da ke kansa, ya amsa da bakinsa a gaban shaida ko ya sa hannu. Na fi son a yi wannan bayan girbin rani, lokacin da yawanci suka rage bashinsu, kafin a fara ɗibar takin damina.

Akwai abu guda da nake roƙonka ka duba yau ɗin nan: da lambar wa da imel ɗin wa aka buɗe tsohuwar manhajar? In na yaron shago ne, mabuɗin lissafinka yana aljihun wani, kuma yaro yakan tashi. A mayar da komai kan layin da ke ɗauke da sunanka da lambarka ta NIN, kuma kada ka bar layin ya mutu, don kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. WhatsApp kuwa a tabbatar yana ajiya a Google Drive kafin a canza waya, muhimman saƙonnin murya a kwafe su a filas a ba wanda ka amince da shi. Sunaye da lambobin manoman nan amana ce, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta hana a riƙa yawo da su.

Mai sabuwar manhajar kuma ka tambaye shi tun kafin ka biya: in na tashi barinku, ta yaya zan fita da lissafina, kuma in na daina biyan kuɗin wata za ku rufe mini shi? Kada ka karɓi amsar baki, ya sauke maka lissafin gwaji a gabanka ka gani. Wata guda na farko a riƙa rubuta ciniki a littafi da manhaja tare, duk Juma'a a gwada su. Tsohuwar kuwa ka bar ta a wayar har manoma su gama biyan bashin bana.