Filin Tambaya da Amsa: Harhaɗa Ƙananan Samfuran Tsofaffin Motoci

Tambaya: Na taɓa mallakar Volkswagen Beetle ja, ita ce motata ta farko, kuma har yau tana raina. Ina so in harhaɗa ƙaramin samfurinta na roba, ya fito kamar tawa sak. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, kafin ka sayi kwali, ka fara tantance shekarar motarka. Beetle ta daɗe ana ƙera ta, sai a 2003 aka daina a Meziko, kuma kamanninta sun yi ta sauyawa. Ɗauko tsohon hotonta ka dubi fitilun gaba. In a kishingiɗe suke, samfurin kamfanin Tamiya na Beetle 1300 ta 1966 ne ya dace da kai. In a tsaye suke, da bamba mai kauri, nemi na kamfanin Revell na 1968. Dukansu ma'aunin 1/24 ne, wato an rage komai sau 24, don haka motar da ta ɗan haura mita 4 za ta dawo kamar santimita 17.

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan almakashin yanke sassa, wuƙa mai tsini, hantsaki, samfefa mai lamba 600 da 1000 da 2000, sai gam ɗin roba mai ruwa-ruwa. Kada ka murɗe sassa da hannu daga jikin firam ɗinsu, wurin yakan ɓalle ya bar rami. Yanke da ɗan saura, sannan ka goge. A jikin bodin za ka ga wani siririn layi da ya bi ta kan murfin tayoyi. Wannan tabon injin zuba roba ne, babu shi a motar gaske, kuma fenti fito da shi yake yi maimakon ya rufe shi. Goge shi da 600, ka bi da 1000, ka wanke bodin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka bar shi ya bushe da kansa.

Batun launi shi ne inda mutane suka fi kuskurewa. Volkswagen tana ba kowane launi lamba mai farawa da L. Ja mai duhu na shekarun 1960, alal misali, L456 ne. In ka samu lambar launin motarka, da ita za ka nemi fenti. Kuma ka tuna waɗannan motoci ne na masu ƙaramin ƙarfi, fentinsu bai ɗau ido kamar na motocin baje koli ba. In ka lafta masa fentin ƙyalli har hawa uku, zai yi kyau, amma ba zai tuna maka da taka ba.

Tambaya: Na fesa wa Fiat 500 fenti, sai ya fito da gurje-gurje kamar ɓawon lemo, wani wurin ma ya yamutse. Me ya jawo?

Amsa: Matsala biyu ce daban-daban. Gurje-gurjen yana zuwa ne idan gwangwanin feshin ya yi nisa da bodin, ɗigon fentin ya fara bushewa a iska kafin ya sauka. Tsaya a santimita 20 zuwa 25. Girgiza gwangwanin na minti biyu cur, kuma in akwai sanyi, tsoma shi a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, ba ruwan zafi ba. Fara da fentin shimfiɗa, toka-toka ko fari; a ƙarƙashin ja da rawaya fari ya fi, domin toka tana dusashe su. Sai hawa biyu marasa kauri, da tazarar minti 15 a tsakani, kana hawa na ƙarshe mai ɗan jiƙa. Fara feshin daga wajen bodin, ka wuce, ka saki bayan ka fita ɗaya gefen. Tsayawa wuri guda ne ke sa fenti ya zubo.

Yamutsewar kuwa alama ce ta cewa an ɗora nau'in fentin da ake kira laka (lacquer) a kan wani nau'in da ake kira inamel (enamel). Sinadarin laka ya fi ƙarfi, sai ya narkar da na ƙasa. Inamel kan laka ba matsala, amma akasin haka ɓarna ce, kuma maganinta kawai a kankare a sake. Gurje-gurje dai yana gyaruwa: bar fentin ya yi mako guda, ka goge da samfefa 2000 da ruwa, a hankali, musamman a kan gefuna inda fenti ya fi siranta, sannan ka bi da man goge fenti. Ka riƙa feshi inda iska ke wucewa, da takunkumi a fuska.

Tambaya: Gilashin gaban Citroën 2CV ɗina ya yi fari-fari bayan na manna shi, bamba kuma ta ƙi kamawa.

Amsa: Hajiya, sufa gulu aka sa. Tururinsa ne ke kwantawa a kan roba mai garai-garai ya bar hazo. Gilashi da fitilu, farin gam na katako ake ɗiga musu da tsinken sakace, yana bushewa ba ya barin alama. Ita kuma bamba, gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe, ba ya cin kurom (ƙyallin azurfar da ke jikin bamba) ko fenti. Kankare daidai inda za su haɗu har robar ta bayyana.

Tambaya: Motata ta sha hanya kafin in rabu da ita. Yaya zan nuna tsufanta?

Amsa: Da sauƙin hannu. Ɗigon tsatsa na milimita 2 a samfurin daidai yake da kusan santimita 5 a motar gaske. Yagi ɗan guntun soso, ka taɓa fenti ruwan ƙasa, ka danna a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka ɗan taɓa ƙasan ƙofofi da bakin murfin tayoyi, inda ruwa ke kwanciya. Rufi da bonet rana ce ke cin su, don haka ka ɗan haskaka launinsu da ɗigon fari. Lambar motar kuma ka buga ta a takarda, ka rage girmanta sau 24, ka manna da farin gam.