Fatawa: Shin Tsara Kasuwanci da Sa wa Ma'aikata Geji Sun Saɓa wa Tawakkali?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni da yayana muke da kamfani, akwai kuma wasu mutane da suka zuba jarinsu a ciki, ni ne manaja. Bayan na halarci wani kwas na gudanarwa, sai na kawo shawarar mu rubuta tsarin shekara uku, mu riƙa yin kasafin kuɗi a farkon kowace shekara, mu ware wani kaso na riba saboda ɓacin rana, sannan mu sa wa kowane ma'aikaci gejin abin da zai sayar a wata: wanda ya wuce a ƙara masa, wanda ya gaza a yanke masa albashi. Yaya ya ce wannan shisshigi ne cikin ilimin gaibu da raunin tawakkali, kuma kwaikwayon waɗanda ba musulmi ba ne, tunda daga Amurka da Japan aka kwaso shi. Ya ce mahaifinmu bai taɓa rubuta komai ba, Allah kuma bai hana shi ba. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, tsari da kasafi da tanadi halal ne, kuma a halin da kake ciki na riƙon dukiyar mutane wani ɓangare nasu wajibi ne. Ƙarin da za a yi wa wanda ya wuce geji ya halatta da sharaɗi. Yanke albashin wanda ya zo aiki ya yi iya ƙoƙarinsa don kawai ciniki bai kai ba, wannan bai halatta ba. Ka ga ke nan abin da yayanka ke tsoro ba shi da laifi, wurin da ke da haɗari kuma babu wanda ya kalle shi a cikinku.

Mu fara da maganar gaibu. A Suratu Yusuf, aya ta 47 zuwa ta 49, Annabi Yusuf, alaihis salam, ya shimfiɗa wa Masar tsarin shekara 14 har da ta 15: a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, domin shekaru bakwai masu tsanani na tafe. Ka lura bai tsaya kan faɗin abin da zai faru ba, har yadda za a adana hatsin ya bayyana. Ƙurɗubi ya ce wannan aya asali ce wajen tabbatar da maslahohin da shari'a ta zo ta kare, ciki har da rayuka da dukiya. Wani zai ce ai shi Annabi ne, Allah ya sanar da shi. Haka ne, kuma hujjar ta ƙara ƙarfi: wanda aka sanar da shi abin da zai zo bai naɗe hannu ba, to ina ga mu da ba mu san abin da gobe za ta haifa ba?

Buhari ya ruwaito daga Umar cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Tirmizi kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure taguwarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta, ya kuma dogara. Dubi hijira ma: kwana uku a kogon Sauru, Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin Makka da dare, Amir ɗan Fuhaira yana kawo tumaki, an tanadi raƙuma biyu tun da wuri, an bi hanyar gaɓar teku wadda ba ita aka saba bi ba. Kowa da aikinsa, kowane aiki da lokacinsa. Wa ya isa ya ce tawakkalinsa ya fi na waɗannan matafiya biyu, Annabi da Abubakar? Mutane kan ce wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Wannan ba aya ba ce, ba hadisi ba ce, kada a jingina ta ga Allah, sai dai abin da ake nufi da ita ya dace da hadisin Muslim da ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya.

Iyakar da shari'a ta sa a nan ita ce ta Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24: kada ka ce lalle zan yi kaza gobe sai ka haɗa da in Allah ya so. Alƙaluman da za ka rubuta kirdado ne da aka gina kan abin da ya gabata, kamar yadda manomi ke duban hadari. Ranar da ka ɗauke su tamkar alkawarin da babu makawa, ko ka ce wa masu jari ka lamunce musu riba kaza, to ka shiga abin da yayanka ke gudu, ka kuma ɓata ƙullin tarayyar, don riba a tarayya da ƙiradi, wato ba wani jari ya juya a raba riba, kaso ce daga abin da aka samu, ba adadi yankakke ba.

Batun kwaikwayo kuwa ba ya buƙatar dogon zance. Kamanceceniyar da aka hana ita ce ta addini da abin da ya keɓanci alamominsu. Dabarun rayuwa asalinsu halacci ne. Jagoran hanyar hijira, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, a lokacin mushriki ne, aka ɗauke shi haya saboda ƙwarewarsa. Haƙa ramin Handaƙ dabarar Farisawa ce da malaman tarihi suka ce Salmanu ne ya kawo. Umar ya kafa diwani, wato rajistar sojoji da rabon dukiya, alhali tsari ne da daulolin maƙwabta suka riga musulmi sani. Abin da Edwards Deming, wani masanin gudanarwa ɗan Amurka, ya koyar da injiniyoyi da shugabannin masana'antun Japan tun daga 1950, wato ka tsara, ka gwada, ka duba sakamako, ka gyara, da abin da Japanawa ke kira kaizen, gyara kaɗan-kaɗan ba tsayawa, babu aƙida a ciki. Yana ƙarƙashin faɗin Annabi a hadisin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito, cewa ku ne mafi sanin lamarin duniyarku.

Me ya sa na ce wani ɓangare wajibi ne? Saboda kuɗin ba naku ba ne ku kaɗai. Mahaifinku, Allah ya saka masa da alheri, dukiyarsa yake juyawa, lissafinsa na kansa, in ya manta shi ya yi asara. Ku amintattu ne a kan jarin wasu, amintacce kuma ba ya biyan asara sai in ya yi sakaci ko ƙetare iyaka. To da me za ka nuna ba ka yi sakaci ba in babu rubutu? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Annabi da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi lokacin da ya dawo daga karɓar zakka. Ga kuma zakkar ita kanta: ɗan kasuwa mai juya kaya dole ya ƙimanta abin da ke sito da bashin da yake sa ran karɓa duk shekara, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Kason ɓacin rana kuwa yana da kyau, amma daga ribar masu jari za a cire shi, saboda haka sai da yardarsu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Ma'aikacin da ka ɗauka a kan albashin wata, malaman fiƙihu suna kiransa ajiri keɓantacce. Lokacinsa ka saya. In ya zo, ya tsaya a bakin aiki, ya yi abin da aka sa shi gwargwadon iko, ladansa ya tabbata cikakke, ko kwastoma ya saya ko bai saya ba. Sayen kwastoma ba a hannunsa yake ba. Kasuwa kan faɗi, kaya kan makara, wani kamfani kan karya farashi. In ka yanke masa saboda wannan, ka ɗora masa asarar da ta mai jari ce, alhali ran da aka ci riba mai yawa ba a raba da shi ba. Sannan ka mai da ladan abin da ba a sani ba, sharaɗin ijara kuwa, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, shi ne lada ya zama sananne tun farko. Ka tuna hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito: mutum uku Allah ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, na ukunsu wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi aiki cikakke bai ba shi ladansa ba. Wanda ya ƙi zuwa aiki ba uzuri, a cire masa gwargwadon lokacin da ya tauye, wannan daban ne. Wanda ya lalata kaya da ganganci ko sakaci bayyananne, ya biya. Wanda kuma aka ga aikin ya fi ƙarfinsa, a horar da shi, ko a sauya masa gurbi, ko a rabu da shi bisa yarjejeniya bayan an biya shi haƙƙinsa duka.

Ƙarin da za a ba wanda ya wuce geji yana shiga babin ji'ala, wato alkawarin lada ga wanda ya cim ma wani aiki, asalinsa kuma yana Suratu Yusuf aya ta 72, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. A fayyace adadinsa tun kafin wata ya kama. Malikiyya ba su yarda a haɗa ijara da ji'ala a ƙulli guda ba, don haka albashi ya zauna a takardarsa, alkawarin ƙari ya zo daban. Wanda kuma kuka riga kuka yi yarjejeniya da shi, ba a sauya masa sharaɗi sai ya yarda.

Ko ƙarin ma a yi hattara da gejinsa. A hadisin Abu Zarri da Buhari da Muslim suka ruwaito game da waɗanda ke ƙarƙashin mutum, an ce kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora ku taimake su. Gejin da ba ya cimmuwa sai da ƙarya, shi ke koya wa ma'aikaci ƙaryar. A 2016 hukumomin Amurka sun ci tarar bankin Wells Fargo dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu kimanin miliyan 2 da sunayen kwastomomi ba da saninsu ba, don su cika adadin da aka ɗora musu, kuma an kori ma'aikata kusan 5,300. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wanda ya tsaga bangon kuma yana da kasonsa na laifi. Abin sha'awa, shi Deming ɗin da ake jingina wa wannan ilimi, cikin ƙa'idojinsa 14 akwai kira a daina ɗora wa ma'aikata adadi, domin a ganinsa yawancin matsala daga tsarin aiki take, wanda yake hannun shugabanni. Ina zaton a kwas ɗin naku ba a tsaya a kan wannan ba.

Game da yayanka, kada ka je masa da takardun kwas kana ɗaga murya. Ka karanta masa ayoyin Yusuf, ka nuna masa cewa kun cire yankan albashi, ka bar shi ya zama shi ne zai fara duba lissafin kowane wata uku. Tunda abokin tarayya ne, ba ka da ikon zartar da tsarin shekara ukun sai da amincewarsa. Rubuta shiga da fitar kuɗin mutane kuwa ba ya jiran yardar kowa, ka fara shi tun yau.

Allah ne mafi sani.