Filin Tambaya: Injin gashin namana ya ƙi zafi cikin sanyin Kanada

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Katsina ne amma ina zaune a Winnipeg, na sayi injin gashi irin mai cin felet ɗin nan, waɗannan 'yan dunƙule-dunƙulen garin katako, da bazara yana min aiki lafiya lau amma tunda sanyi ya shigo wallahi sai a hankali, in sa shi digiri 107 a ma'aunin Salsiyos ya riƙa lilo tsakanin 80 da 90, felet kuma kamar ana zuba wa rami. Muna da suna watan Janairu inaso in yi bandar rago. Wani abokina ya ce in shigar da shi gareji kawai, ya kika gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya abin da aka samu. Bari in fara da abokin naka, don Allah kar ka shigar da injin nan gareji ko da ƙofa a buɗe take. Hayaƙin yana ɗauke da kabon monoksaid, shi ne dai wanda yake kashe mutane in an kwana da janareta a ɗaki, ba shi da wari ba shi da launi. Waje zai zauna.

To abin da ke faruwa kuwa, jikin yawancin injinan nan ƙarfe ne falle ɗaya, kuma garinku a Janairu sanyi yakan kai 20 ƙasa da sifili, wuta na ƙoƙarinta ƙarfen na zubar da zafin, na'urar da ke auna zafi a ciki sai ta ga ya sauka ta sa ƙarfen nan mai murɗi ya ƙara turo felet, shi ya sa kake ganin buhu mai kilo 9 yana ƙarewa kamar wasa. Amma ni a ganina iska ta fi sanyin kansa ɓarna. Ka tuna masu tsire a gida lokacin hunturu yadda suke kare wuta da falankin kwano ta gefen da iska ke bugowa, to haka za ka yi, ka juya injin yadda iska ba za ta shiga ta bututun hayaƙi ba, ka samu jikin katanga amma ka bar tazara mai kyau, kar ka manna shi da bangon gida.

Sai bargo. Kamfanoni irin su Traeger da Pit Boss suna sayar da bargon da aka ɗinka daidai da girman kowane inji, da ramin bututu da wurin hannun murfi, in da hali shi ya fi. In kuɗin ya yi yawa bargon masu walda ma yana yi, na zaren gilashi ne ba ya kamawa da wuta, ka ninka shi biyu ka ɗora kan gangar ka riƙe da maganaɗisu ko waya. Sai dai yana zubar da ƙananan zare masu ƙaiƙayi, ka sa safar hannu, kuma ka lura kar ya faɗa kan nama in ka ɗaga murfi. Bargon ɗaki ko kafet ko tamfol kuwa kar ma ka fara. Ganga kawai ake rufewa, bututun hayaƙi da akwatin felet da wurin fanka a bar su su sha iska, in ka toshe bututu wuta na iya komawa baya ta bi ta hanyar felet har akwati. Kuma bargon don gashin nama a hankali ne, ranar da za ka ƙure wuta don tsire ka cire shi.

Ka kunna injin ka tsaya ka kalli gefen murfi, duk inda ka ga hayaƙi na tsiyaya to zafi ma nan yake bi, akwai gaskit, wato abin toshe kafar murfi mai jure zafi da ake mannawa, ba tsada. Ka ba shi kamar minti 30 zuwa 45 ya yi zafi sosai kafin nama ya shiga, sannan ka daina leƙe, na san halinmu, sa ma'aunin zafi mai waya cikin naman ka koma ɗaki ka sha shayi. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74, kafaɗar rago in kanaso ta yi laushi har ta saki ƙashi sai wajen 93 zuwa 95.

Felet ɗinka ka ajiye shi cikin gida a bokiti mai murfi, in ya sha danshi kumbura yake ya koma gari ya cushe ƙarfen nan mai murɗi da ke turo felet. Kuma kar araha ta ja ka ka sayi na ɗumama ɗaki, ba don abinci aka yi shi ba. Kitsen rago kuma saurin daskarewa gare shi, ka riƙa duba hanyar da yake bi zuwa ɗan bokitin waje, in ta toshe ya taru ciki gobara ce. In wuta ta mutu ana tsakiyar gashi, kashe injin, bari ya huce, kwashe felet ɗin da ya taru a tukunyar wuta tukuna ka sake kunnawa.