Kada ka toshe akurkin, ko da ƙanƙara na zuba

Ka ce mini, "Maigida, an ce daren gobe sanyi zai kai digiri 25 ƙasa da sifili. In toshe kafofin akurki da leda, in kunna wa kajin fitilar ɗumi?" Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata, yarona. Kada ka yi ko ɗaya.

Na san inda ka samo tunanin. A gida, in hunturu ya kama, mukan rufe ɗakin 'yan tsaki da buhu mu ajiye musu tukunyar gawayi, kuma daidai ne, domin ɗan tsako a makonsa na farko yana son zafi wajen digiri 33, bai yi gashin kirki ba. Waɗannan na hannunka kuwa manya ne. Zafin jikin kaza ya kai wajen digiri 41. In sanyi ya matsa mata sai ta tayar da gashinta ya riƙe iska mai ɗumi, ta cusa kai cikin fiffike, ta matsa jikin 'yan'uwanta. Bargonta na jikinta.

Abin da ke yi musu lahani a nan Manitoba, ƙasar Kanada, danshi ne. Numfashinsu tururi ne, kashinsu ma yawancinsa ruwa ne, kuma da dare ma suna ta zubar da shi. In ka toshe ko'ina, tururin ba shi da mafita. Sai ya sauka a kan zanko da yatsu, ya daskare. Da farko za ka ga bakin zankon ya yi fari, bayan kwanaki ya yi baƙi, ya bushe, ya faɗi. Shekarata ta farko a ƙasar nan haka na yi wa wani zakara nawa saboda tausayi, har yau abin na damuna. Ga kuma warin kashin da ke taruwa, yana cin idonsu da huhunsu.

Saboda haka bar kafa a buɗe can sama kusa da rufi, nesa da kawunansu, ka sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan ido don kada wata dabba ta kutso. Wadda za ka toshe ita ce tsagar da ke hura musu iska daidai inda suke kwana, musamman ta arewa da yamma. Da safe ka duba rufin daga ciki: in ka ga farar ƙanƙara ta manne, iskar ba ta isa ba. Ka tsuguna daidai tsayin kaza ka shaƙa. In ya soke maka hanci, kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar ka zuba busasshiyar dusar katako.

Sandar kwanan nan siririya ma cire ta. Sa katako mai faɗin tafin hannu, don kaza ta shimfiɗa yatsunta ta rufe su da gashin cikinta.

Fitilar kuwa, ƙwan lantarki ne mai wat 250 rataye a kan busasshiyar dusa da ƙura da gashi, tsakanin tsuntsaye masu tashi. Gobara ke nan. In kuma wuta ta ɗauke tsakar dare, kajin da suka saba da ɗumi sai sanyin ya auka musu gaba ɗaya. In lantarkin kake son amfani da shi, kai shi wajen ruwa: akwai faifan da ake ɗora mazubi a kai don kada ya daskare. Babu shi, to ka sauya ruwa sau biyu ko uku a yini. Kazar da ba ta sha ba ba za ta ci ba, kuma abincin ne ke hura mata wutar jiki. Da yamma ka watsa musu ɗan barzajjen masara bayan sun ci abincinsu na kullum.

Ƙwai zai ragu saboda rana ta gajarta, wannan ba ciwo ba ne. Ka riƙa kwashewa da wuri, yakan daskare ya tsage.

Fararen kajin nan biyu, irin da ake kira Chantecler, a lardin Kebek na nan Kanada aka samar da irinsu don wannan sanyin, shi ya sa zankonsu ƙarami ne. Zakaran nan mai dogon zanko, irin da ake kira Leghorn, shi za ka fara dubawa jibi da asuba. In ka ga farin ya soma, kada ka murza, kada ka yanke. Kawo mini shi in gani.