Mota mai tuƙa kanta, da abin da na gani a bakin titi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko motocin nan masu tuƙa kansu, waɗanda bidiyonsu ke ta yawo, za su rage mace-macen da ake yi a hanyoyinmu idan sun iso Najeriya. Na yi shekara 11 ina tuƙa motar asibiti, galibin aikina ɗauko waɗanda suka yi hatsari tsakanin Kano da Zariya, don haka da abin da idona ya gani zan amsa maka.

Motocin gaskiya ne. Kamfanin Waymo yana ɗaukar fasinja ba direba a wasu biranen Amurka, kamar Finiks da San Faransisko. Kuma akwai abin da ba na musu a kai: na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya, ba ta latsa waya, ba ta saurin komawa tasha don ta sake lodi kafin magariba. Yawancin gawarwakin da na ɗauka, ɗaya daga cikin waɗannan ne sanadi.

Sai dai da kyamarori da rada (na'urar gano nisan abin da ke gaba) da taswirar da aka zana titi dalla-dalla motar take gani, kuma ko a can ba a gama da ita ba. A 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta da dare a jihar Arizona, alhali akwai mutum zaune a sitiyari. A 2023 motar kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙasa wajen mita 6, bayan wata motar ta buge ta ta wurgo ta gabanta, har jihar Kalifoniya ta dakatar da lasisinsu. 'Yan kwana-kwana na San Faransisko ma sun sha kokawa cewa motocin kan tsaya cak su tare musu hanya. Wannan ya tsaya mini a rai, domin idan jiniya ba ta sa direba ya kauce ba, nakan leƙo in ɗaga masa hannu. To motar da ba kowa a ciki, wa zan yi wa magana? Yanzu kawo ta inda fentin titi ya goge, tirela ta mutu a tsakiyar kwalta ba fitila sai ganyen da aka zuba a bayanta, ga mai bin hannun da ba nasa ba, ga shanu na tsallakawa. Da sauran tafiya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sa'ar farko bayan hatsari. Mutane da yawa ba bugun motar ne ke kashe su ba, zubar jini ne, ko toshewar numfashi, ko yadda aka ɗauke su.

Wani dare an kira mu, bas ta yi taho-mu-gama da babbar mota. Kafin mu isa, jama'ar ƙauyen sun fito da tocila suna ta taimako tsakani da Allah. Na iske wani saurayi an kama shi hannu da ƙafa ana shirin jefa shi bayan a-kori-kura, kansa na lilo. Ya ce mini yana iya motsa yatsun ƙafarsa lokacin da yake cikin motar, amma yanzu ba ya jin su. Ya rayu, sai dai bai sake takawa ba. A gefe guda kuma wani dattijo ya warware rawaninsa, ya dunƙula ya danne cinyar wata yarinya da jini ke tsartuwa, ya durƙusa a kai da dukkan ƙarfinsa, bai ɗaga ba ko sau ɗaya don ya duba har muka iso. Likitan da ya karɓe ta ya ce wannan dannewar ce ta kawo ta da rai.

Don Allah 'yan'uwa, in kun riski hatsari, ku fara tsayar da motocin da ke tahowa tun daga nesa, domin na ga masu taimako da mota ta biyu ta bi ta kansu. Ku kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗura, ko 112. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, in ya jiƙe a ƙara wani a kai, kada a cire na farko. Wanda ke kukan wuya ko baya a bar shi yadda yake, sai dai in akwai wuta. In ɗaukar ta zama dole, a kwantar da shi kan katako ko ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Na san tausayi ne ke sa mu, amma huhu yake tafiya. In kuwa tankar mai ce ta faɗi, ku yi nisa. Mutum fiye da 150 muka rasa a gobarar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024.

Masu tsoron a riƙe su a asibiti kuma, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa. Ban ce ko'ina ake bin ta ba, ni kaina na taɓa tsayuwa a ƙofar wani asibiti da maras lafiya ana jayayyar kuɗin kati, amma sanin ta yana ƙarfafa wa mutum baki.

Ni da za a ba ni kuɗin mota ɗaya mai tuƙa kanta, motocin asibiti zan zuba wa man fetur da iskar oksijin, in tara 'yan kamasho da direbobin kowace tasha a koya musu tsayar da jini. Su ne ke riga mu isa wurin. Wanda ke so a ƙungiyarsu, ya yi mini magana, ranar Asabar ba na aiki.